Na kai shi wurin 'yan sanda, lauya ya ce wai ban shigar da ƙara ba: mene ne ƙara a doka?

Abu_Safwan:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da tambaya ga masana doka da ke cikin wannan zaure, don abin ya ɗaure mini kai. Kusan shekara biyu ke nan na ba wani abokin hulɗata bashi. Muka yi rubutu, ya sa hannu, mutum biyu suka shaida. Lokacin biya ya zo ya wuce, yau ya ce gobe, gobe ya ce jibi. Da na gaji sai na je ofishin 'yan sanda na kai ƙararsa. Aka kira shi, ya amsa cewa ina bin sa, ya yi alkawari, aka sallame mu. Tun daga ranar duk wanda ya tambaye ni sai in ce maganarmu tana gaban hukuma.

Jiya na zauna da wani lauya. Ya saurare ni har na kai aya, sannan ya ce, Malam, ai kai har yau ba ka shigar da ƙara ba. Na ce to me na yi ke nan? Ya ce ƙorafi na kai. Don Allah mene ne ƙara a wurin doka? Ni a sanina in ka kai mutum gaban hukuma, ka yi ƙararsa ke nan.

Ummu_Hanan:
Wa alaikumus salam. Wallahi ni ma haka na ɗauka tun tasowata. Bari mu ji daga bakin masu ilimin.

Barista_MK:
Wa alaikumus salam, Malam Abu_Safwan. Lauyan nan gaskiya ya gaya maka. A bakinmu na yau da kullum kalmar ƙara tana da faɗi: yaro ya kai ƙarar wansa wurin uwa, ma'aikaci ya kai ƙarar abokin aikinsa wurin shugaba, kai ka kai ƙara wurin 'yan sanda. Duk Hausa ce daidai. Amma in an shiga harshen doka sai kalmar ta tsuke. Ƙara ita ce wani ya nemi haƙƙinsa daga wani takamaimai a gaban kotun da ke da ikon tilasta hukuncinta.

Ka lura da abin da ke cikin wannan jimla. Akwai mai ƙara, akwai wanda ake ƙara da sunansa, akwai kotu. Sannan dole a faɗi abin da ya faru wanda doka ta yarda haƙƙi ne aka taɓa, a kuma faɗi abin da ake so kotu ta yi: a biya ni kuɗina, a ba ni diyya, a hana shi ci gaba da gini, a tabbatar cewa filin nawa ne. In ɗaya ya faɗi, ba a yi ƙara ba tukuna.

A naka lamarin kotun ce babu. Ɗan sanda ba alƙali ba ne. Aikinsa binciken laifi, kuma kasa biyan bashi shi kaɗai ba laifi ba ne a yawancin dokoki, saɓa yarjejeniya ne. Ba shi da ikon ya yanke cewa wane ya biya wane, in ma ya faɗa, maganar ba ta da ƙafar tsayawa.

Dan_Kasuwa77:
Barista, ka yi haƙuri ban yarda ba. Ni da kaina sau biyu ina karɓo kuɗina ta hanyar 'yan sanda, cikin mako guda. In ba su da iko, ta yaya aka biya ni?

Barista_MK:
@Dan_Kasuwa77, an biya ka saboda mutumin ya ji tsoro ko ya ji kunya. Da ya tsaya ya ce ba zan biya ba, babu takardar da ke hannunka da za a je a kama kayansa da ita. Abin da ya sami Malam Abu_Safwan ke nan: nasa mutumin ya amsa, ya yi alkawari, ya koma gida ya yi zamansa. Kuma ka kiyaye, a wurare da dama in aka tsare mutum saboda bashi kawai, shi ne zai juyo ya yi ƙarar wanda ya sa aka tsare shi, ya nemi diyya. Sai mai bin bashi ya wayi gari shi ake bi.

Tsohon_Magatakarda:
Ni na yi shekaru da yawa a teburin rajistar kotu kafin in ajiye aiki, don haka bari in faɗi abin da idona ya gani. Ƙara tana da ranar haihuwa. Ranar da ka kawo takardarka, ko ka faɗi da'awarka aka rubuta a kotunan da ke karɓar ta da baki, ka biya kuɗin rajista, aka buga hatimi, aka ba ta lamba. Daga wannan rana akwai fayil mai sunanka da sunan abokin shari'arka. Kafin wannan, ko ka yi shekara goma kana zagaye ofisoshi, a wurin kotu ba a san da kai ba.

Bayan haka sai sammaci. Jama'a suna raina sammaci, alhali nan ne shari'o'i da yawa suke karyewa. Dole a kai wa wanda ake ƙara takarda ta hanyar da doka ta tsara, ya san wa ke ƙararsa, a kan me, yaushe zai zo. Na ga shari'ar da aka yi shekara uku ana yi, aka yanke hukunci, mai ƙara ya yi murna, aka je kotun sama ta rushe komai saboda an gano ba a taɓa kai wa mutumin sammaci hannu da hannu ba, kuma ba a nemi izinin kotu a liƙa masa a ƙofa ba. Aka dawo farko. Mai ƙarar dattijo ne, ranar har hawaye ya yi a gabana. Gaskiyarsa ce, amma ba a yanke wa mutum hukunci ba tare da an ba shi damar ya yi magana ba.

Ummu_Hanan:
Baba, to in an kai masa sammacin ya ƙi zuwa fa? Sai a zauna jiransa?

Tsohon_Magatakarda:
A'a, 'yata. In kotu ta gamsu an kai masa, ya ƙi zuwa ba uzuri, tana iya ci gaba ta saurari mai ƙara ta yanke hukunci a bayan idonsa. Abin da doka ta wajabta shi ne a ba shi dama. In ya yi watsi da ita, shi ya so.

Dalibin_Fikihu:
Allah ya saka wa Barista da Baba da alheri. Ina so in ƙara da cewa ma'anar da Barista ya kawo ita ce dai malaman fiƙihu suka ba da'awa. A kundin dokokin mu'amala na Daular Usmaniyya, wanda ake kira Majalla, da aka kammala a 1876 mai sashe 1851, sashe na 1613 ya fassara da'awa da cewa mutum ya nemi haƙƙinsa daga wani a gaban alƙali. Wannan "a gaban alƙali" yana cikin ma'anar kanta. Sun kuma sharɗanta wanda ake ƙara ya zama sananne, abin da ake nema shi ma ya zama sananne. In ka ce wani daga cikin mutanen unguwar nan ya ci mini kuɗi, ko ka ce ina bin wane wani abu amma ban san nawa ba, alƙali ba zai saurare ka ba sai ka tantance.

Mai nema shi ne mudda'i, wanda ake nema a wurinsa shi ne mudda'a alaihi. Ƙa'idar kuma sananniya ce daga hadisi: hujja tana kan mai da'awa, rantsuwa tana kan wanda ya musa.

Sadiq_AB:
Ke nan duk wanda ya riga zuwa kotu shi ne mudda'i, shi zai kawo shaidu.

Malam_Na_Zaure:
@Sadiq_AB, a nan ne mutane da yawa suke zamewa, har da wasu ɗalibai. Riga zuwa kotu ba shi ke mayar da mutum mudda'i ba. Ibn Asim, alƙalin Garnaɗa a Andalus wanda ya rasu a shekara ta 829 bayan Hijira, a cikin littafinsa Tuhfa ya bayyana cewa mudda'i shi ne wanda maganarsa ba ta da goyon bayan asali ko al'ada, mudda'a alaihi kuwa shi ne wanda asali ko al'ada ke ƙarfafa maganarsa. Asali shi ne ba a bin kowa komai sai an tabbatar.

Mu ɗauki maganar ɗan'uwanmu Abu_Safwan. In ya je kotu ya ce ina bin wane, mutumin ya ce ban taɓa karɓar kuɗinsa ba, Abu_Safwan ne zai kawo hujja, kuma alhamdu lillahi yana da rubutu da shaidu. Amma in mutumin ya ce, na karɓa, sai dai na biya tuni, to nauyin ya juya. Ya amsa bashin, ya zo da sabuwar da'awa ta biya, shi zai tabbatar da ita. Cikin zama ɗaya wanda aka kawo ƙara ya koma mai da'awa. Shi ya sa malamai suke cewa wanda ya iya rarrabe mudda'i da mudda'a alaihi ya kama bakin zaren alƙalanci.

Malaman Hanafiyya kuma suna da wani ma'auni mai sauƙin riƙewa: mudda'i shi ne wanda in ya bar maganar za a ƙyale shi, mudda'a alaihi shi ne wanda ko ya so ya bari ba za a ƙyale shi ba.

Sadiq_AB:
Na gode Malam, na karɓi gyara.

Malama_Rabi_Hausa:
Ni ta ɓangaren harshe abin ya ja hankalina. Kalmar ƙara da muke kaiwa kotu ita ce dai ƙarar da mutum ke yi in an taka shi, wato ɗaga murya don a ji. A ganina shi ya sa muke amfani da ita ga duk wani kuka da aka kai wa na gaba, ba mu ware kotu ba. Larabawa sun gina tasu a kan kira da nema. Kalmar da Turawan Ingila ke amfani da ita kuma, wato "sue", tushenta daga "bi" yake, ta biyo ta tsohon Faransanci daga Latin. Mu ma ai muna cewa bin bashi, bin haƙƙi, bin kadi. Saboda haka kuskuren Malam Abu_Safwan ba nasa ba ne shi kaɗai, kalma ɗaya ce muka ɗora wa kaya da yawa. Da za a riƙa cewa ƙorafi ko koke ga wanda aka kai ofis, a bar "shigar da ƙara" ga kotu, da an rage ruɗani.

Mai_Son_Tarihi:
Malama ta tuna mini wani abu. Rumawa ma da wannan suka fara. Dokokinsu na farko da aka rubuta a alluna goma sha biyu, wajen shekara 450 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), allon farko a kan sammaci yake: in an kira mutum gaban shari'a ya je, in ya ƙi a kafa shaida a kamo shi. Kusan shekara dubu bayan haka, a littafin koyar da doka da sarki Justiniyan ya sa aka fitar a shekara ta 533, an bayyana ƙara da cewa ita ce 'yancin mutum ya bi abin da ake riƙe masa ta hanyar kotu. Su ma sun ce hujja tana kan mai faɗa, ba kan mai musu ba. Abin yana ba ni mamaki yadda al'ummomi daban-daban suka tsaya a wuri ɗaya.

Maman_Iman:
Ku yi haƙuri zan ɗan karkatar da zancen, amma abin ya daɗe yana ci mini rai. Shekarun baya wani direba ya buge ƙanena, ƙafarsa ta karye wuri biyu. 'Yan sanda suka kai direban kotu. Mun je zama huɗu, aka same shi da laifin tuƙin ganganci, aka ci shi tara, ya biya ya tafi. Mu da muka yi watanni muna jinya, muka sayar da abin da muke da shi, ko sisi ba mu gani ba. Na tambayi wani ma'aikacin kotun ina kuɗin tarar, ya ce na gwamnati ne. To wannan ba ƙararmu ba ce? Ba a kotu aka yi ba, gaban alƙali?

Barista_MK:
Allah ya ƙara masa lafiya, Hajiya. Tambayarki ita ce rabin amsar wannan zaure. Abin da kika halarta shari'ar laifi ce. A cikinta gwamnati ce ke gurfanar da mutum, mai gabatar da ƙara ma'aikacinta ne, ƙanenki kuwa shaida ne kawai, duk da cewa ƙafarsa ce ta karye. Manufarta hukunta mai laifi. Tara ta shiga asusun gwamnati.

Wadda za ta biya ku kuɗin asibiti da asarar aikin da ya yi da wahalar da ya sha ita ce ƙarar neman haƙƙi, wadda shi ƙanen naki zai shigar da sunansa a kan direban, wani lokaci har da mai motar in direban yana bakin aikinsa ne, kuma galibi kamfanin inshora ne ke biya. Abu ɗaya ya faru, amma shari'a biyu ce. A wasu dokokin alƙalin laifi yana da ikon ya ba da umarnin a biya wanda aka cuta wani abu, sai dai sau da yawa in ba a nema ba, ba a yi.

Ma'aunin hujja ma ya bambanta. Kafin a ɗaure mutum sai an kawar da duk wani shakku na hankali. A ƙarar neman haƙƙi kuwa rinjaye ake dubawa, maganar wa ta fi kusa da gaskiya. Shi ya sa mutum zai iya kuɓuta a ɗaya ya faɗi a ɗaya. Misalin da duniya ta sani shi ne na O.J. Simpson a Amurka: a 1995 aka wanke shi daga tuhumar kisan tsohuwar matarsa da wani abokinta, a 1997 iyalan mamatan suka yi nasara a kansa a ƙarar neman diyya, aka yanke ya biya dala miliyan 33 da rabi.

Maman_Iman:
Inna lillahi. Wallahi babu wanda ya gaya mana haka. Mun ɗauka da alƙali ya buga guduma komai ya ƙare.

Issoufou_Juriste:
Ina so in ƙara wani abu a kan maganar Barista, don ba ko'ina tsarin yake haka ba. A ƙasashen da suka gaji dokar Faransa, wanda aka cuta yana iya shiga cikin shari'ar laifin kanta a matsayin mai neman haƙƙinsa. Alƙali ɗaya, zama ɗaya, ya yanke hukuncin laifi sannan ya yanke diyya. Amma ko a can sai mutum ya tashi ya bayyana cewa yana nema, ya faɗi asarar da ya yi. In ya zauna a benci a matsayin shaida kawai, haka zai tashi hannu wofi kamar su Hajiya.

Dan_Kasuwa77:
To shi ya sa in mutum ya je ya ce ya janye ƙara wani lokaci a ce masa ba ya da iko?

Issoufou_Juriste:
Shi ne. Ka tuna ma'aunin da Malam_Na_Zaure ya kawo, wanda in ya bari za a ƙyale shi. Ƙarar neman haƙƙi taka ce, kana iya janyewa, ko da yake in an yi nisa sai da izinin kotu, kuma ana iya sa ka biya ɗawainiyar da ka jawo wa ɗayan. Shari'ar babban laifi kuwa ba taka ba ce balle ka janye.

Dalibin_Fikihu:
Sai dai a fiƙihu akwai bambanci a nan. Ƙisasi haƙƙin wanda aka yi wa rauni ne ko magadan mamaci, suna iya yafewa ko su karɓi diyya. Rabon da ake yi shi ne tsakanin haƙƙin Allah da haƙƙin bawa, kuma bai zo daidai da rabon laifi da neman haƙƙi na dokokin zamani ba ta kowace fuska.

Zee_Aliyu:
Tambaya: dole sai mutum ake ƙara? Na ji ana cewa an yi ƙarar kamfani ko an yi ƙarar gwamnati. Wa zai tsaya a gaban alƙali?

Barista_MK:
@Zee_Aliyu, doka tana ɗaukar kamfanin da aka yi wa rajista a matsayin mutum mai zaman kansa, dabam da masu shi. Yana ƙara, ana ƙararsa, wakilinsa ko lauyansa ke tsayawa. Shari'ar da ta kafa wannan a Ingila ita ce ta wani mai sana'ar takalma, Salomon, a 1896, inda aka yanke cewa bashin kamfaninsa ba bashinsa ba ne. Wannan yana da amfani ƙwarai: in da kamfani ka yi hulɗa sai ka rubuta sunan manajan a takardar ƙara, ana iya korar ta saboda ka kama wanda ba shi ba. Har kogi an taɓa ba wa wannan matsayi. A 2017 majalisar New Zealand ta yi doka ta ba kogin Whanganui matsayin mutum a doka, aka naɗa masu magana da yawunsa.

Yusuf_Injiniya:
Ni kuwa kullum ina jin mutane suna cewa za mu kai su kotun duniya. Ashe mutum zai iya?

Mai_Son_Tarihi:
Kotu biyu ne a birnin Hague da mutane ke ɗauka ɗaya ce. Kotun Duniya ta Majalisar Ɗinkin Duniya, mai alƙalai 15, ƙasashe kaɗai ke ƙarar juna a gabanta. Can Kamaru ta kai Najeriya a 1994 kan Bakassi, aka yanke hukunci a 2002. Can kuma Gambiya ta kai Myanmar a 2019 kan 'yan Rohingya. Ɗayar ita ce Kotun Hukunta Manyan Laifuka da ta fara aiki a 2002, tana tuhumar mutane ɗaiɗaiku, amma mai gabatar da ƙararta ne ke shigar da tuhuma. Kai abin da za ka iya shi ne ka aika masa da bayani. Wato ko a can, abin da ɗan'uwa Abu_Safwan ya yi za ka yi: ƙorafi.

Admin_Zaure:
Jama'a, mun tafi har Hague mun bar mai tambaya a tsaye. A dawo kan bashin Malam Abu_Safwan, me ya kamata ya yi yanzu?

Tsohon_Magatakarda:
Abin da ya fi damuna a labarinsa shi ne lokaci. Ɗana, ka ce shekara biyu. Haƙƙin shigar da ƙara yana da wa'adi a yawancin dokoki, kuma zaman da ka yi kana cewa magana tana gaban hukuma bai tsayar da agogon ba. Shigarwa a kotu ce ke tsayar da shi. Na sha ganin mutum da takardunsa cif, alƙali ya san gaskiyarsa ce, amma lauyan ɗayan ya tashi ya ce lokaci ya wuce, aka kori ƙarar ba a ko buɗe ta ba.

Barista_MK:
Baba ya faɗi gaskiya. Wa'adin ya danganta da ƙasa da irin ƙarar. A Ingila misali, dokar 1980 ta ba da shekara 6 ga bashi da saɓa yarjejeniya, shekara 3 ga raunin jiki, shekara 12 ga neman fili. Ƙasashe da yawa da suka gaji tsarinsu suna da makamancin haka, amma kowa ya tambayi na inda yake. @Maman_Iman, wannan ya shafe ku, ku ga lauya da wuri ku ji ko ƙofa tana buɗe.

Wani abu kuma da zai yi wa Malam Abu_Safwan daɗi: a irin waɗannan dokoki, in wanda ake bi ya amsa bashin a rubuce ya sa hannu, ko ya biya wani ɓangare, lissafin yana komawa farko daga ranar. In mutumin ya rubuta alkawari ya sa hannu a wurin 'yan sanda, ka nemi kwafin. Zuwanka can bai zama ƙara ba, amma wataƙila ya samar maka hujja.

Malam_Na_Zaure:
A mazhabar Malikiyya akwai hauzi: in baƙo, wanda ba ɗan'uwa ba, ya riƙe gida ko gona shekara goma yana aiki da ita kamar tasa, mai ita yana nan yana gani, ba abin da ya hana shi magana, ya yi shiru, to ba za a saurari da'awarsa ba bayan haka. Amma a kiyaye, rashin sauraron da'awa dabam, halaccin abin dabam. Wanda ya san ba nasa ba ne, hukuncin alƙali ba ya halatta masa.

Hajiya_Mai_Hakuri:
Ni dai shawarata, ɗana, kada ka je kotu. Shari'a mace ce da ciki, ba a san abin da za ta haifa ba. Mijina ya yi shari'a da abokin kasuwancinsa shekara biyar, yau a ɗage saboda lauya ba ya nan, gobe a ɗage saboda an canza alƙali. Ya ci shari'ar, amma zumuncin shekara ashirin ya mutu, 'ya'yanmu da nasu ko gaisawa ba sa yi. Ka nemi manya su zaunar da ku.

Yusuf_Injiniya:
Hajiya, da girmamawa, shekara biyu yana haƙuri. Irin wannan shawara ce ke sa masu cin bashi suke miƙe ƙafa, sun san za a ce a yi haƙuri. Kotu don wa aka kafa ta?

Ummu_Hanan:
Ni ina ganin dukkanku kuna da gaskiya. Amma ba a iya haɗa biyun ba ne?

Tsohon_Magatakarda:
Ana iyawa, 'yata, kuma shi na fi gani yana aiki. Shigar da ƙara ba ya rufe ƙofar sulhu. Da yawan fayilolin da suka bi ta hannuna ba su kai ga hukunci ba, sammaci na isa mutum sai ya nemi a zauna. In kun daidaita, ku kawo sharuɗɗan a rubuce alƙali ya mayar da su hukuncin kotu. Daga nan in ya saɓa, ba sai an sake shari'a ba, zartarwa kawai za a nema. Wannan shi ne bambancinsa da alkawarin da ya yi a ofishin 'yan sanda.

Kuma Hajiya ta taɓo wani abu da ya kamata a faɗa. Cin shari'a ba shi ne kuɗi a hannu ba. Hukunci takarda ce. In ya ƙi biya sai ka koma ka nemi a kama kadararsa a yi gwanjo, ko a riƙe abin da ke asusunsa na banki. In ba shi da komai, takardar za ka riƙe. Kafin ka fara, ka bincika ko yana da abin da za a kama.

Dan_Kasuwa77:
Kuɗin lauya fa, in na ci shari'a shi zai biya?

Barista_MK:
Ya danganta. A tsarin Ingila wanda ya faɗi yakan ɗauki kaso mai yawa na ɗawainiyar wanda ya ci. A Amurka galibi kowa ya biya lauyansa. A wurare da dama abin da kotu ke bayarwa bai kai abin da ka kashe ba. Sai dai ƙasashe da yawa yanzu suna da kotun ƙananan basussuka, inda mutum ke tsayawa da kansa ba lauya, a cike fom, a gama cikin ɗan lokaci. Malam Abu_Safwan ya tambaya ko kuɗinsa bai wuce iyakar irin wannan kotu ba. Ya kuma tabbatar kotun da zai je tana da hurumi, ta fuskar yawan kuɗin da ta fuskar inda mutumin yake zaune ko inda aka yi yarjejeniyar. Hukuncin kotun da ba ta da hurumi kamar ba a yi shi ba ne.

Abu_Safwan:
Allah ya saka wa kowa da alheri, na ƙaru sosai. Na duba takarduna, ashe akwai kwafin alkawarin da ya rubuta a wurin 'yan sanda, da sa hannunsa da kwanan wata. Hajiya, na ji maganarki, kuma wallahi ba na son zumuncinmu ya lalace. Zan aika masa da takardar neman biya in ba shi mako biyu, in sanar da yayansa. In bai motsa ba zan je rajista.

Saura abu ɗaya. Ɗaya daga cikin shaiduna biyu ya rasu bara, Allah ya ji ƙansa. Ɗayan yana nan. Wannan zai raunana ƙarar?

Malam_Na_Zaure:
Allah ya gafarta masa. A Malikiyya ana hukunci da shaida ɗaya tare da rantsuwar mai da'awa a sha'anin dukiya. Kuma wanda ya riga ya yi iƙirari a rubuce, iƙirarin hujja ne a kansa, sai dai in ya zo ya musa sa hannunsa.

Zee_Aliyu:
In ya musa sa hannun fa, Barista? Wa zai tabbatar, shi ko Malam Abu_Safwan?